Yadda Za Ka Shiga Zumuntar Marubuta Kirista Ka Fita Ba a Taɓa Maka Littafi Ba

Ɗan'uwa, in an gayyace ka zumuntar marubuta Kirista, ka yi hattara. Mutanen nan suna da wata ɗabi'a: abin da ka rubuta karantawa suke yi, da jan biro a hannu. Amma akwai hanyar tsira.

Ka riga kowa zuwa, ka roƙi a ba ka addu'ar buɗewa. Ka fara daga Adamu, ka bi ta Masar, ka sa gwamnati da marasa lafiya da matafiya. Kafin a ce amin, rabin lokacin karatu ya tafi.

In duk da haka layi ya zo kanka, ka sunkuyar da kai ka ce, "Ubangiji ne ya ba ni wannan littafi cikin dare." Ka ɗaure hannun kowa ke nan, don wa zai ce babi na uku ya yi tsawo bayan irin wannan shaida? Sai dai kada ka zauna kusa da Maman nan ta Zumuntar Mata, tsohuwar malamar makaranta mai tabarau a kan hanci. Ita ce za ta ce, "Amin, ɗana. Amma yarinyar da ka binne a shafi na 40, wa ya tashe ta take daka a shafi na 62?"

Wani mai karambani zai kawo maka Irmiya sura 36, inda Sarki Yehoyakim ya yi ta yanka littafin annabi da wuƙa yana jefawa a wuta, Irmiya kuma ya sa Baruk ya sake rubutawa har da ƙari. Wato ko annabi ya yi rubutu na biyu. Ka ce kai ba ka zo gardamar tauhidi ba.

Labarin da ya fi haɗari shi ne na Inklings, wasu abokai a Oxford ta Ingila, daga shekarun 1930 zuwa 1949. Duk daren Alhamis sukan taru a ɗakin C. S. Lewis, duk wanda ya rubuta wani abu ya karanta da murya, saura su yi masa fata-fata. Tolkien, ɗaya daga cikinsu, ɗan Katolika ne, Lewis ɗan Angilikan, kuma Tolkien bai ɓoye cewa labaran Narnia na Lewis ba su burge shi ba. Lewis kuwa ya matsa masa lamba shekara da shekaru har ya gama The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Ka ga illar irin wannan zama: mutum yana zamansa lafiya, an sa shi gama littafi.

Batun bugawa kuma, 'yan zumunta za su nuna maka hanyar masu buga littattafai na ACTS a Bukuru, ko su haɗa ka da wani edita a Jos. Kada ka yarda. Edita yakan tambayi su wa ka rubuta wa, wannan kuwa shiga sirrin mutum ne. Ka nufi mai buga katin aure da kalandar ekklesiya. Shi ba ya karantawa, shafi kawai yake ƙirgawa.

Sauran ƙarfinka ka ajiye wa ƙaddamarwa. Fasto ya rubuta gabatarwa, a samo babban mai ƙaddamarwa wanda zai sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin buhun shinkafa, ƙungiyar mawaƙa ta zo da ganguna. Hotonka ya cika bangon baya, da kwat, hannu a haɓa.

Kwalayen da suka rage, ka raba wa 'yan zumuntar kyauta, amma a ranar da Mama ta tafi taron mata. In ba haka ba, mako mai zuwa za ta dawo maka da nata kwafin, duk ja, ta tambaye ka yaushe za a fara gyaran bugu na biyu.