Bazazzagi, Takarda Ba Ta Tuƙa Tuwo

Bawana Bazazzagi, da fatan yau an ɗora tukunya ba tare da an aika maƙwabta aron gishiri ba. Labari ya iso mu a Kano cewa ka zama masanin tattalin arziki. An ce ka sayi littafi mai bango mai kauri, ka ja masa layuka da jan biro, ka raɗa masa suna kasafin cefanen wata, har kana tara abokan aiki a gindin darbejiya kana ba su lacca. Ban yi mamaki ba. Ku dama komai sai kun mai da shi karatu. Ko kunu aka miƙa wa Bazazzagi, sai ya nemi a kawo masa manhajarsa kafin ya kurɓa.

Bari in fara da gorin da ka addabe ni da shi. Tun da aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Kano ta ce 71,000 za ta biya, Kaduna ta ce 72,000, ba ka bar ni na sha ruwa ba. Wai kun fi mu. To, na ji, kun fi mu da Naira dubu. Raba ta kwana talatin ka gani: Naira 33 a rana, wadda ko ɗan yaye ka miƙa wa zai dube ka ya dube ta. Shi kansa 72,000 ɗin, in ka yanka shi talatin, 2,400 ne a rana. Gida mai mutum takwas, kowa Naira 300, karin kumallo da rana da dare, kuma ba a cire kuɗin haya ba, ba a cire na makaranta ba, ba a cire na mota zuwa wurin aiki ba. Na san ka ɗan haura wannan matakin tunda ka tsufa a aiki, amma bakunan gidanka ma ai sun haura takwas.

Ba na musun cewa an sha wuya. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin man fetur ya tafi, komai ya bi shi a guje, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A lokacin ne aka yi ta yayata cewa Kanawa sun koma cin afafata, ɓarzajjiyar shinkafar nan da a da masu kiwon kifi ke saye, kai kuma ka samu abin yi mini dariya. Mun ci, ba mu ɓoye ba, kuma mun ƙoshi. Kai fa me ka ci? Bashi.

Don na san yadda watanka ke tafiya, ba sai an ba ni labari ba. Ranar da albashi ya shigo, kana wucewa kasuwar Sabon Gari da babbar riga, ka lodo shinkafa 'yar waje, da taliya kwali guda, da kifin gwangwani, da madara, don kada a ce gidan malam ba a cin na zamani. Makon farko gidanka sai ƙamshin suya. Mako na biyu an fara rage hannu. Kafin a kai ashirin ga wata, an koma tura ƙaramin yaron nan wurin mai shagon bakin layi, yana tsaye yana sosa ƙeya, yana cewa wai in ji Baba a ba da man gyaɗa na ƙulli biyu da sukari ɗaya da dunƙulen maggi huɗu, a rubuta. Mai shago ya lashi yatsa, ya buɗe nasa littafin mai maiƙo, ya rubuta. Wancan littafin shi ne kasafin gidanka na gaskiya, naka na ado ne. Kuma duk abin da aka saya a ƙulle ya fi tsada. Tara ƙullin man da kuke saye a wata ka juye a kwalba, ka tambayi kuɗin kwalbar, za ka ga ribar da kake ba mai shago ta isa ta sai maka wake. Shi ya sa talaka ya fi mai kuɗi sayen tsada, kai kuwa ga talauci ga iyayi.

Abin da ya fi ba ni haushi, a kan masara kake kwana. Jiharku tana sahun gaba a noman masara a duk Nijeriya. Ga kasuwar Saminaka, ga ta Giwa nan kusa da kai. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a bayan gidanka, inda malamanku suka fitar da irin masara da ake kira SAMMAZ da irin wake da ake kira SAMPEA. Ku kuka yi irin, ku kuka yi noman. Da kaka ta yi sai mu turo motoci, mu kwashe a farashin da manomi ke neman kai da shi, mu jibge a Dawanau, babbar kasuwar hatsin da har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa. Mu zauna muna shan shayi. Idan damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, sai mu buɗe sito mu sayar maka da abinka mudu-mudu, kana godiya. Ka ce mu masu son kuɗi ne. To, wa ya hana ka?

Ga karatun da ba a koyarwa a jami'arku, kuma kyauta zan ba ka, abin da Bakano bai saba yi ba. Cefanen wata ba a wata ake shirya shi ba, da kaka ake shirya shi. Ka shiga adashi, ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a Nuwamba ko Disamba. Buhun masara a wurinmu tiya arba'in ne. Gidan da ke cin tiya guda a rana, buhu ɗaya ya kai shi kwana arba'in ba a je awo ba. In kuɗinka bai kai buhu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu a ofis ku saya ku raba, ai kun iya taro. Wake kuwa ka zuba shi a buhun nan mai ninki uku, ka matse iska ka ɗaure kowane ninki daban, ƙwari su mutu a ciki ba tare da ka barbaɗa wa 'ya'yanka guba ba. Da rani, lokacin da tumatir ya yi yawa a Kadawa da Kura har ana rasa mai saye, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta. Haka kuɓewa, haka tattasai da attaruhu. Kuka da daddawa kuwa ba sa ɓaci da wuri. Ranar da kwandon tumatir ya gagara da damina, uwargida sai ta jiƙa busasshe ta yi miyarta, ba wanda ya ji kanku. Nama in ya yi nisa, waken suya yana kusa: a yi awara, yara su ci su yi ƙiba.

Yanzu zan faɗi wata magana, kuma in ka maimaita ta a gaban Kanawa zan ce ƙarya kake yi mini. A duk abincin ƙasar Hausa ban ga wanda ya san darajar aljihun magidanci irin fatenku ba. Tsakin masara gwangwani uku, ruwa ya fi rabin tukunya, a watsa rama da yakuwa da alayyafo, a jefa gauta, a daka gyaɗa a zuba, a yanka albasa a kai. Tukunyar na ɓararraka, tsamin yakuwa na tashi har zaure, mutum goma su sha su yi gumi su kwance tazuge. Kakanninku sun gama muku lissafin tun kafin a ƙirƙiro biro. Amma kai yanzu kunyarsa kake ji. Da an yi sallama sai ka ce a shige da kwanon ɗaki, a ɗora taliya. Mu kuwa garau-garau ɗinmu, shinkafa da wake da mai da yaji, a bakin titi muke ci da rana tsaka, mu kora da ruwa, mu koma kasuwa. Ɗan wake ma haka, gurasa ma haka. Ba mu taɓa neman afuwar kowa ba.

Sai batun matarmu, uwargidanka, wadda ku a bakinku ko ita ce ta zo sai ku ce ya zo. An ce har dunƙulen maggi kake ƙirga mata, kana auna mai da murfin kwalba. Kai malam, ji tsoron Allah. Baiwar Allahn nan ita ke riƙe da gidan. Ita ta san tuwon dare zai kwana ya zama ɗumamen safe, ta san ƙanzo ba abin zubarwa ba ne, ta san dusar surfe abincin kaji ce, kajin kuma su ne ƙwan yara da naman Sallah. Ribar ƙuli-ƙulin da take yi da ɗan kitson da take wa maƙwabta, a miyarka suke ƙarewa, ba ta taɓa kawo maka rasit ba. Ido ba mudu ba, amma nata ya san ƙima fiye da jan bironka. Ni kuma na leƙa kasafin nan naka ta bakin waɗanda ka yi wa lacca, ba a ga inda ka rubuta shayi da ƙwai na wurin mai shayi ba, ba a ga tsiren da kake tsayawa ci a Kwangila kai kaɗai ka goge baki kafin ka shiga gida ba, ba a ga katin waya ba. Waɗannan su ne ɓerayen albashinka, ba cokalin manjan da ta ƙara a miya ba. Ka sayo hatsi ka ajiye, ka damƙa mata kuɗin kayan miya na wata a dunƙule, ka ja bakinka ka yi shiru. In ashirin ga wata ta yi yaro bai je wurin mai shago ba, ka zo ka biya ni kuɗin shawara.

Wani abu kuma da takardarka ta manta: gidan Bahaushe ba a ƙirga bakunansa da daddare a ce su ke nan. Akwai almajirin da ke kawo kwano, akwai gwaggo da ta zo asibiti daga ƙauye za ta yi kwana biyu ta yi wata, akwai suna, akwai biki, akwai maƙwabcin da ya kwana biyu ba a ga hayaƙi a gidansa ba, wanda ba sai ya roƙa za a miƙa masa ba. Kasafin da bai ware rabon baƙo ba, na gwauro ne.

Saboda haka ka ware. Ina nan tafe ranar Asabar, ni da mutum huɗu, kuma a gidanka za mu kwana. Ka gaya wa matarmu fate muke so, a sa gyaɗa da yawa, kada a kuskura a ɗora mana taliya.