Takarda Daga Ƙasar Zamhariru Zuwa New Bell

Takarda ta fito daga hannun jikanka wanda sanyi ya tsare a birnin Montireyal ta ƙasar Kanada, zuwa ga kakana kuma abokin takarata, Malam mai zaure a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin Duwala.  Ina fatan kana lafiya, kai da almajirai da maƙwabta, da kuma amaryata Hajiya, wadda na bar maka amanarta don dai babu yadda zan yi, ba don na ga ka cancanta ba.

Bayan haka, Allah ya gafarta Malam, saƙon muryarka ya iso, na kuwa saurare shi tun daga basmala har zuwa tarin da ka rufe da shi, na fahimci cewa an kawo ƙarata zaurenka, an ce yaron da aka yi wa addu'a, aka tofa masa albarka, aka raka shi filin jirgi da kuka don ya tafi neman ilmi da halali, ya je ƙasar Nasara ya koma wasan yara a waya, yana kwana yana ihu da samarin unguwa. Da yake kai ka koya mini cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare biyu, ga tawa hujjar, in ka ga dama ka sa tabarau.

Ka san dai a Duwala, da ke kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta da wasa da alkawari: ta fito da safe, ta faɗi wajen ƙarfe 6 zuwa 6 da rabi na yamma, rani da damina, tun zamanin Jamus har yau. To, a nan, da yake garin ya yi arewa ƙwarai, idan watan Disamba ya kama, yini duka bai cika sa'a 9 ba, rana sai wajen 7 da rabi take leƙowa, kuma kafin 4 da kwata na yamma ta tattara komatsanta ta tafi, ba sallama. Azahar kan shiga kafin sha biyu ta cika, La'asar wajen biyu, Magariba huɗu da 'yan mintoci, Lisha kuwa kafin shida, ta yadda mutum da alwala ɗaya, in cikinsa na da ladabi, sai ya sallaci huɗu. Sa'an nan a miƙa masa dare na sa'a 15 a ce ya san yadda zai yi da shi. Sanyin kuwa, wanda a watan nan kan sauka har awo 20 ƙasa da sifiri, ba irin hunturun da tsofaffinmu ke ba da labarinsa na Kano ba ne, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Wannan, idan ka shaƙi iska a bakin ƙofa, gashin cikin hancinka ne ke daskarewa kana ji, kuma tun da na ɗanɗana shi na daina yi wa babin Zamhariru karatun wuce-wuri. Ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai mita 2, har hukuma ta wajabta wa kowace mota tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma da dare sai ka ji jiniya tana zagaya layi, ba gobara ba ce, ba ɓarawo ba, gargaɗi ne ga mai mota ya kawar da ita kafin masu kwashe ƙanƙara su iso. Mutanen gari, da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka haƙa hanyoyi da kantuna a ƙarƙashin ƙasa na fiye da kilomita 30, suka shige.

Jiki yana da magani, domin akwai riguna kan riguna, akwai murhun lantarki a kowane ɗaki. Zuciya ce ta ƙi. Tun daga Nuwamba, lokacin da aka mayar da agogo baya da sa'a guda, na fara jin wata kasala wadda ban san ta a New Bell ba: barci ba ya isata ko na yi na Ashabul Kahfi, ba na sha'awar komai sai burodi da shayi mai sukari, in aka kira ni a waya sai in zuba mata ido har ta gaji, ga wani ƙunci da ba bashi ne ya kawo shi ba, ba kuma rasuwa ba. Da na kai kukana wurin likita, ina tsammanin za ta ce aljanun ƙanƙara ne, sai ta bayyana mini cewa cuta ce sananniya ta ƙarancin haske, wadda ke rikita agogon da Allah ya ɗora a jikin ɗan Adam, har jiki ya riƙa zaton dare bai ƙare ba. Kuma wanda ya fara siffanta ta a littattafan likitanci, a 1984, wani likita ne mai suna Norman Rosenthal, wanda shi kansa ɗan Afirka ta Kudu ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, duhun hunturu ya taɓa shi. Ka ga ashe ba jikanka ne ragon farko da ya fito daga Afirka ba. Ta umarce ni da in riƙa fita tafiya da rana ko da sanyi, in sha bitamin D, in kuma sayi wata fitila mai tsananin haske in zauna gabanta rabin sa'a kowace safiya. Ina yi, kuma tana amfani. Sai dai da za ka leƙo ka ga jikan Malam, bayan wuridin asuba, ya zauna ya fuskanci fitila ya yi tsit, da ka ce yaron nan ya shiga Majusanci.

Abin da fitila ba ta iya ba shi ne magana. Ni da na tashi inda ba a san shiru ba, tsakanin ƙahon 'yan benskin masu haya da babur, da hayaniyar Babbar Kasuwa, da ladanai suna amsa wa juna, da injin maƙwabci in an ɗauke wuta, da Hajiya tana yi wa akuya faɗa, sai ga ni a bene inda maƙwabcina, mutumin kirki, gaisuwarsa duka ɗaga gira ce. Ana cikin haka, wata Magariba, taubashina tela na Kasuwar Kongo ya aiko mini da wasu lambobi ta WhatsApp, ya ce in sauke Ludo King in shigar da su, in har sanyi bai cinye mini yatsu ba.

Bari in yi maka sharhin abin, domin na san masu kawo ƙara ba su yi ba. Ludo ce dai wadda ka sani, ta allon nan mai gilashi da ake bugawa a ƙofar shagon aski, sai dai wani kamfanin Indiya ya zuba ta cikin waya a 2016; kuma asalinta ma daga Indiyan ne, Turawan Ingila suka yi mata kwaskwarima a 1896. Mutum ɗaya ya buɗe ɗaki, ya raba lambar shiga, huɗu su hallara ko da kowa na wata nahiya. Tsakaninmu da ku sa'a 6 ne a wannan lokaci, saboda haka sa'ad da rana ke faɗuwa a nan, wato daidai lokacin da ƙuncin ya fi sauko mini, ku kuna ƙarfe 10 na dare, tela ya rufe shago, mai soya na bakin layinmu ya rage wuta, Auta ya ɓoye a bayan tankin ruwa wai yana bitar karatu. Sai mu buɗe kiran murya a gefe, a fara jefa ƙwaya. Ni kuwa ina zaune cikin bargo, ƙanƙara na sauka a taga, amma kunnena yana New Bell: ina jin ƙarar wuƙar mai soya a kan katako, ina jin wani yana cinikin na ɗari biyar yana neman gyara, ina jin tela ya ci ɗana saura taku biyu ya shiga gida, ya fashe da dariya yana cewa, "Koma gida, Bature, ba a ba ka biza ba!" Wallahi, Malam, babu ƙwayar likita da ta taɓa warware mini ƙirji kamar wannan zagin.

Akwai karamomi kuma a cikin wasan waɗanda ya kamata malamai su bincika. Tela, muddin shi ke gaba, wutar unguwarsu ba ta ƙiftawa, intanet ɗinsa kuwa garau. Amma da zarar dara ta ci gida, 'ya'yansa uku sun koma akurki, nan take za a ɗauke wuta, wayarsa ta mutu, ya ɓace ba sallama, sai gobe ya dawo yana la'antar kamfani. Mun gwada ƙwallon ƙafa ta eFootball, tun da babu ɗan New Bell da zai yarda an fi shi sanin ƙwallo, unguwar da Samuel Eto'o ya tashi a cikinta. Sai dai ita ƙwallo tana bukatar saƙo ya je ya dawo cikin ƙiftawar ido, alhali namu sai ya bi igiyoyin ƙarƙashin teku da ke fitowa a Duwala da Limbe da Kiribi, ya ƙetare Atilantika, ta yadda ina danna bugu a nan, ɗan wasana sai ya yi tunani, ya yi istihara, kafin ya ɗaga ƙafa an ci ni. Auta ya zura mini ɗaya da Vincent Aboubakar, ya tuɓe riga a tsakar gida irin yadda shi Aboubakar ya yi bayan ya ci Barazil a 2022, sauro suka ba shi nasa jan katin. Ludo kuwa, da yake bi da bi ake yinta, ba ta damu da jinkiri ba, ba ta cin kuɗin data, kuma tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ta ishe ta. Ran Asabar, in mun yi yawa, mukan shiga Among Us, inda har mutum 15 ke aiki cikin jirgin sama jannati alhali an ɓoye munafuki a tsakaninsu yana kashe su ɗaya ɗaya, sai a kira taro, a yi ta rantse-rantse, a jefa ƙuri'a, a wurgar da wanda aka zarga. Kuma a mafi yawan lokaci mai gaskiya ake wurgarwa, abin da ya sa mai soya ya ce shi bai ga bambancinsa da taron ƙungiyar kasuwa ba.

Yanzu sai mu zo kan shaida. An ce Gwaggo ce ta kawo maka labari. Shin ta gaya maka yadda aka yi ta sani? Kujera ta huɗu a ludon nan, Allah ya gafarta Malam, tata ce. Ita ce mai jar ƙwaya, ita ce ba ta yafe wa kowa, har ɗan cikinta, kuma ƙarar nan ba ta taso ba sai a makon da na ci 'ya'yanta biyu a jere a bakin gida. Kai ka karantar da mu cewa ba a karɓar shaidar wanda ke da adawa da wanda ake ƙara, don haka ina roƙon kotu ta yi watsi da ita, ko kuwa a gurfanar da mu tare.

Na san inda za ka ɓullo, domin ban manta da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ba, wadda ka dasa mana da bulala, kuma na san ta hana wasan nardu da shaɗaranji, na san kuma ludo da ƙwayar jefawa ake yinta. Ba zan yi jayayya da nassi ba, ni wa? Iyakaci in tuna maka cewa Imamu Shafi'i ya sassauta a kan shaɗaranji matuƙar babu caca, ba a kuma tozarta salla. Mu kuwa ko sisi ba ma sawa, sallolina huɗu kuma na riga na idar kafin a buɗe ɗaki na biyu. Ga sada zumunci, wanda wajibi ne, ga neman magani, wanda umarni ne. In ka ce ƙwayar ce illa, to, ka yi mana fatawa mu koma dara. Ai ban manta ba, a watan Yuli da Agusta, sa'ad da sama ke rufe Duwala mako guda ba a ga rana ba, ruwan da ke haura mita 3 da rabi a shekara yana zuba, kwatoci sun cika sun shigo tsakar gida, kasuwa ta mutu, wani malami da na sani yakan rufe littafi bayan La'asar, ya jawo allon dara daga ƙarƙashin buzu, shi da Ladan su yi ta kashe wa juna har a kira Magariba, yana cewa wai yana wasa ƙwaƙwalwa ne. Kakanninmu da suka gangaro daga Kano da Katsina da Adamawa da fataucin goro da shanu, suka sauka a wannan unguwa ta baƙi da Jamusawa suka yanka a bayan gari, su ma sun bar rana a gida sun zo sun tarar da duhun damina, kuma ban ji an ce fitila suka saya ba. Zaure suka gina.

Kada kuma ka ɗauka sana'ar banza ce a duniya. A garin nan kamfanin Ubisoft, tun 1997, yake ɗaukar dubban magidanta masu gemu aikin ƙera irin waɗannan wasanni, a Yawunde ma Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o sun fitar da nasu mai suna Aurion a 2016. Ni dai ban kai can ba, ɗan kallo ne mai jefa ƙwaya; ina zuwa makaranta, ina zuwa aiki, ina zuwa Juma'a, likita kuma ta ce in ƙuncin ya ƙaru in koma wurinta kada in tsaya wasa, na kuwa yi mata alkawari.

Sauran bayani: kada a sake ba wani matafiyi kilishi ya kawo mini, domin ba a shiga da nama ƙasar nan, ma'aikatan filin jirgi kuma suna da karnuka masu hancin mai soya, yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa dai a aiko, a rubuta sunansu da Faransanci a jikin leda. Kuɗin maganin ƙafarka na tura wa Kawu, ka tambaye shi kafin ya manta da gangan. Ka gaya wa Hajiya ta ƙara haƙuri da kai, da zarar ƙanƙara ta narke a Afrilu zan fara tara kuɗin lefe. Daren Lahadi mai zuwa kuma, ƙarfe 10 agogonku, tela ya ce za a ɗauke musu wuta, saboda haka akwai kujera; Auta zai kawo maka waya ya nuna maka inda ake dannawa, don ka ga abin da idonka kafin ka yanke hukunci. Ka zaɓi koriyar ƙwaya, ka kuma yi nesa da Gwaggo.

Haza wassalam. Jikanka, mijin Hajiya na gaskiya.