Kai Mai Cewa Imel Ba Ya Ba da Aiki

To, mutanen Miga, na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki: "Malam, wa ya taɓa samun aiki ta imel a garin nan? Sai dai mai uwa a gindin murhu." Na ji. Amma kai mai wannan magana, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da buɗe naka? Tun ranar da yaron shagon kwamfuta ya buɗe maka don rajistar JAMB, ya rubuta lambar sirrin a gefen rasit, rasit ɗin kuma aka ƙunshe ƙosai da shi. Ko yau aka aiko maka da muƙamin darakta, a can zai ruɓe, kana majalisa kana zagin gwamnati.

Abin kunya ma, a jihar da tun zamanin Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, take bugun ƙirji da intanet. Shirin N-Power da ya fara a 2016 ta intanet aka cika shi. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga likitocin MSF nan kusa da ku a asibitin Jahun tun 2008. Kana jin masu ɗaukar ma'aikata na wannan zamani za su bi ka har Zareku ko Tsakuwawa suna cigiya?

Mu ƙaddara saƙon ɗaukarka aiki ya zo kuma ka gani. Ga wani can ya ɗaga hannu: "Ai sai in rubuta Alhamdulillahi in tura." Hamdala kam wajibi ce, amma yi ta a kan sallaya. Jami'in da ke Dutse so yake ya san abu uku: ka karɓa, wane muƙami ka karɓa, yaushe za ka kama aiki. Shi kuwa na gefensa cewa ya yi gaisuwa ce mutunci, zai fara da ya gida, ya yara, ya aka ji da ruwa, ya shinkafar fadama. Ɗan'uwa, kafin ka kai ga shinkafa mutumin ya tafi sallar Azahar. Gaisuwa layi ɗaya, godiya layi ɗaya, sai magana. Ka amsa a ƙarƙashin saƙon nasu, da harshen da suka rubuto maka, kada ya wuce kwana biyu, ka rufe da cikakken sunanka na takardun makaranta da lambar waya.

Tambayar albashi fa? Nan ne kunyarmu ke cin mu. "Kada su ce na cika son kuɗi." To da me za ka ci tuwo? Idan takardar ba ta faɗi albashi ko matakinsa ba, ko inda za a tura ka, ko na dindindin ne ko na kwantiragi, tambaya cikin ladabi kafin ka ce ka amince. Idan watan Agusta ne kuma ruwa ya cinye hanya, kamar yadda ya saba yi muku, rubuta ka nemi a ɗaga ranar kama aikin. Wanda ya yi shiru, ɗauka ake yi ba ya so. In kuwa da gaske ba ka so, faɗa da godiya, a ba na bayanka.

Sai mai gardamar ƙarshe, wanda ya ce duk 'yan 419 ne. Shi na ba shi rabin gaskiya. Duba adireshin: hukumomin gwamnati nasu kan ƙare da gov.ng, jami'o'i da edu.ng. Wanda ya ba ka aikin da ba ka nema ba, ya ce turo kuɗin fom ta asusun wani mutum, bar shi da Allah. Amma tunda duba adireshi muke yi, duba naka ma. Kai da ke neman koyar da 'ya'yan mutane, da wane ido shugaban makaranta zai karanta wasiƙa daga "Ɗan Gayun Miga Ba Ka Jin Kira"?