Wa Ya Ci Kilishin Holmes ɗin Gidanmu?

Ɗan kawu, ranka ya daɗe, bawanka na gaisuwa. An ce tun bayan babbar sallah ba ka jin sallama. Waya a aljihun gaba, igiya a kunne, wani Bature yana karanta maka labaran Sherlock Holmes, kai kuma kana gyaɗa kai kamar ƙadangare ya faɗo daga kan katanga. Gajerun labarai 56 Arthur Conan Doyle ya rubuta a kan mutumin nan, amma amaryarka ta rantse mini ba ka taɓa kai ƙarshen ko ɗaya ba. Kafin Dakta Watson ya gama hawa benen Baker Street, minsharinka ya danne muryar mai karatun.

Duk da haka ka naɗa kanka mai bincike. Baƙo ya shigo zaure, ka dubi takalminsa ka ce daga kasuwa yake. To, ranar kasuwa ce, ɗan kawu, daga ina zai fito?

Sai ga batun kilishi. Ƙunshi guda ka ɓoye a ƙarƙashin hula a saman sif, da la'asar ka tarar da takarda da ɓurɓushin yaji. Ka jera yara bakwai a tsakar gida kana shinshina yatsunsu, ka auna sawun kyanwa da tsinken tsintsiya, har almajirin gidan sai da ya sha tambaya.

Da ba ka yi barci ba a labarin dokin nan Silver Blaze, wanda ya fito a mujallar Strand a 1892, da ka huta. Dokin sukuwa ya ɓace cikin dare a Dartmoor, an barbaɗa wa yaron barga abin sa barci a naman rago mai yaji, an tsinci gawar mai horar da dokin a fili. 'Yan sanda suka cafke baƙo. Holmes kuwa kare ya duba: me ya hana shi haushi? Ashe wanda ya kwance dokin ɗan gida ne, mai horarwar da kansa, dokin ne kuma ya harbe shi a ka. Nan ne daɗin labarin yake, kuma a kunne ya fi daɗi, don ba ka da halin leƙa shafin ƙarshe.

Yanzu tambayi kanka: wane ne zai shiga turakarka da rana tsaka, yara na kallo, ba wanda ya yi ihu, amarya ma ta miƙa masa ruwan sanyi ya kora? Wane ne ya share maka ƙofar gida ran cika-ciki shekara biyu a jere, kana ce masa babu canji?

Kilishin ya biya sharar bara. Ta bana tana nan, kuma na ga inda kake ajiye turare.