Baƙin Yadi a Ƙarƙashin Ruwa

A duk kayan aikin mai hoto babu mai ladabi irin labule. Ka buga ƙusa biyu ka rataye shi, ka sa dutsen guga ka miƙar da inda ya yamutse, shi ke nan zai tsaya a bayan ango da amarya har a watse bai ce uffan ba. Da wannan sanin na karɓi aikin wani Alhaji mai sayar da agogo a Sabon Gari, nan Kano.

Alhaji ya sauke sababbin agogo waɗanda ruwa ba ya shigarsu, kuma ya gaji da yi wa masu saye rantsuwa. Sai ya ci karo da wani hoto a Instagram: mutum tsaye a ƙarƙashin ruwa, bayansa baƙi wuluk, ba tayil ba tsani, daga shi sai haske. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, irin wannan nake so. Amma da kaftani da jar dara, a san ɗan gida ne." Na ce, "Alhaji, an gama."

Ɗaukar hoto a cikin ruwa ba yau aka fara ba. Wani Bafaranshe mai suna Louis Boutan ya soma tun 1893 a gaɓar tekun Banyuls, da kyamara a cikin akwatin ƙarfe mai nauyin gaske. A Ingila kuma masu shirya fim na Pinewood sun buɗe ɗakin ɗaukar fim na cikin ruwa a 2005, mai cin lita miliyan 1.2. Ni kuwa abin da ke hannuna shi ne wurin ninƙayar wani otal mai zurfin mita 2, da izinin manaja daga asuba zuwa hantsi, da kyamara a cikin gidanta na roba, sai yarona, wanda ya ce a Wudil ya girma, don haka shi da ruwa 'yan uwa ne na jini.

Na shiga Kantin Kwari na yanko yadi 12 na baƙar auduga mai kauri, saboda auduga ba ta ƙyalli idan haske ya dake ta. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce ko a tafasasshen ruwa ba ta zuba. Tela ya haɗa ta ta zama labule ɗaya ƙato. Yarona ya nemo bututun roba na masu aikin famfo, ya harhaɗa firam mai kusurwa huɗu, sannan don nuna gwaninta ya bi kowace mahaɗa ya liƙe da gam, wai kada ruwa ya shiga.

Ranar aiki ta faɗo a tsakiyar hunturu. Mai kula da ruwan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya dubi labulen, ya dube mu, ya ja kujerarsa kusa. Daga baya na gane gyara zama ya yi don kallo.

Muka yi bismilla muka tura firam ɗin. Ya ƙi nutsewa. Bututun da aka toshe ta ko'ina ai tulun iska ne, sai ya kwanta a saman ruwa yana lilo. Yadin kuma ya kamo iska a ƙarƙashinsa, tsakiyarsa ta kumbura ta taso kamar fanke a cikin mai. Yarona ya faɗa ruwa ya danne nan, can ya taso. Ya danne can, nan ya taso. Ya hau tsakiya ya zauna, sai gefen huɗu suka miƙe suka rufe shi, muka riƙa jin muryarsa daga ciki yana cewa, "Maigida, duhu!"

A ɗakin hoto yaƙinka da labule shi ne kada ya faɗo. A cikin ruwa yaƙin ya juya, kada ya tashi. Duk dabarar da hannu ya saba da ita sai ta koma aiki da baibai.

Na aika aka kwaso bulo huɗu daga wani gini da ake yi a bayan otal, muka ɗaure a kusurwoyi. A nan ne wani tsohon darasin makaranta ya dawo mini, wanda ake jingina wa Arkimidis: duk abin da ka tsoma a ruwa, nauyinsa na raguwa daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bulon siminti da ya kusa karya mana baya a tudu, yana shiga ruwa ya zubar da kusan rabin nauyinsa. Shi ya sa masu nutso ke ɗaura dalma a ƙugu, don ita ta fi ruwa nauyi sau 11, abin da take asara kaɗan ne. Bulon namu kuma irin na ɗan kwangila ne, yashi ya fi siminti yawa, nan da nan ya fara marmashewa yana tayar da gari a ƙasan ruwa.

Duk da haka ƙasan labulen ya sauka, saman na riƙe a gefe. Minti ɗaya ya yi a tsaye. Sai ya fara yin ciki, ya bankaro gaba, ya koma baya, ya karkace, ya kama hanya a hankali zuwa lungu. Na ce wa yarona ya daina motsa ruwa, ya rantse ko numfashi ba ya yi. Ashe injin tace ruwa ne ke aiki. Akwai ƙananan ramuka a bango da ke feso ruwa, akwai wasu da ke zuƙa, kuma ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, don haka ɗan turin da ko ƙafarka ba za ta ji ba ya isa ya tafi da yadi 12. Gefen labulen ya je ya liƙe a bakin ramin zuƙa, injin ya fara wani irin gurnani. Dattijon ya miƙe ba gaggawa, ya je ya kashe, ya dawo ya zauna.

Na ce, "Baba, da ma ana kashewa?"

Ya ce, "Ana kashewa, ɗana. In an tambaya."

Daidai nan Alhaji ya iso da ɗan ƙaninsa, wanda zai tsaya a hoton, cikin farar shadda da jar dara, da agogo a hannu. Saurayin ya tsoma ɗan yatsa a ruwa ya ce yana ganin mura na neman kama shi. Alhaji ya ce, "Sauka." Ya sauka. Kaftanin ya cika da iska ya taso ya rufe masa fuska, darar ta rabu da kansa ta nufi gabas.

Na riƙe numfashi na nutsa da kyamara. Abu na farko, ta bayan gilashi komai na cikin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa, don haka saurayin ya ƙi shiga hoton gaba ɗayansa sai da na ja baya. Jan bayan kuma na nufin ƙarin ruwa a tsakaninmu, shi kuwa ruwa jan launi yake fara shanyewa. Darar da aka kamo aka danna masa a ka ta fito ruwan ƙasa. Na kunna filasha don in dawo da jan, sai kowace ƙwayar ƙurar hunturu da garin bulo suka haska, hoton ya cika da fararen ɗigo.

Ina tasowa shan iska na ga yarona yana duban tafin hannunsa. Ya zama shuɗi-shuɗi. Daga jikin labulen wani hayaƙi mai ruwan toka yana fita a hankali yana bin ruwa. Audugar da ko a tafasasshen ruwa ba ta zuba ta sallama wa ruwan sanyi. Kafin mu jawo ta, shaddar ɗan ƙanin Alhaji ta tashi daga fara ta koma wani launi da ba shi da suna a Kwari. Jawowar ma wani yaƙi ne, don jiƙaƙƙiyar auduga mai wannan faɗi sai da masu gadi biyu suka kama mana.

Manaja ya fito cikin kwat, ya tsaya a bakin ruwa ya daɗe. Na ce, "Yallaɓai, sinadarin kulorin zai cinye shi." Ya ce ya sani, abin da bai sani ba shi ne wanda zai sayi dizal ɗin da injin zai sha kafin ya cinye. Alhaji ya tuna yana da baƙi a shago. Iya ruwa fid da kai.

Da muka koma, dattijon ne ya zama shugaban aiki. Yadin roba aka sayo, mara nauyi, wanda ba ya shan ruwa, aka jiƙa shi a baho kwana guda a ga halinsa. Tela ya yi masa kalmasa mai faɗi a ƙasa, aka zura sarƙar ƙarfe a ciki daga wannan baki zuwa wancan, don nauyin ya bazu. Saman aka zura a doguwar sanda aka gindaya a bakin ruwa. Bututun gefe aka huhhuda su ruwa ya cika su. Aka kashe injin, aka jira ruwa ya kwanta, aka saukar da labulen a tsaye, baki ɗaya ya fara shiga, don iska ta samu hanyar fita. Filasha aka kai ta gefe, nesa da idon kyamara, kuma mai batir ce, don dattijon ya ce duk wanda ya jawo wayar lantarki bakin ruwansa da sanda zai raka shi. Har a cikin kaftanin aka ɗinka 'yan ƙarafa.

Hoton ya fito tas. Baƙi wuluk, saurayi a tsaye, dara ja wur, agogo na walƙiya. Na buga shi ƙato na kai shago da kaina. Alhaji ya sa tabarau ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Malam, to ina ruwan?" Labulen ya ɓoye tayil, ya ɓoye tsani, ya haɗa har da ruwan ya ɓoye. Wani mai saye ya leƙo ya tambaya ko ɗauke wuta aka yi ana cikin ɗauka.

Hoton da ke kan allon shagon yanzu shi ne wanda yarona ya ɗauka da waya a ranar farko: shuɗin tayil, kumfa ko'ina, kaftani a fuska, hannu ɗaya a miƙe da agogo yana neman ceto. Alhaji ya ce wannan ko makaho ya san a ruwa ake. Kai kuma ɗan'uwa mai hoto, in aka kawo maka irin wannan aiki, ka bar saman ruwa ya ɗan shigo hoton, ka sa mutumin ya saki kumfa, kuma ka lissafa kuɗin dizal tun wurin ciniki.