Yadda Za Ka Buga Ƙwallo a Burauza Kafin Shayinka Ya Huce

Wannan shawara ta waɗanda suka ɗanɗana abin da na ɗanɗana a makon jiya ce. Ka sauke babban gem ɗin ƙwallo da datar da ka saya don ta kai ka ƙarshen wata. Ka buɗe, ya ce sai an sabunta. Ka sabunta, ya ce sai ka yi rajista. Ka yi, ya shiga tambayar ƙasarku, da kulob ɗin da kake goyon baya, har da launin takalmin ɗan wasanka. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, waya ta ɗau zafi, caji ya koma ja. Kai kuwa fenariti biyar kawai ka zo bugawa. To, ɗan'uwa, dawo burauza. Yadda ake buɗe ta ka sani, mu wuce nan.

Na ɗaya: ƙirga maɓallai. Gem ɗin kirki ba ya wuce uku. Lokacin gasar Olamfik ta Landan a 2012, Google ya sa wani ƙaramin gem a shafinsa na farko inda kai ne gola: hagu, dama, tsalle, shi ke nan. Babu darasi, babu sayen 'yan wasa. Ƙwallon farko kan wuce ka, na biyu ka tare, daga nan ka gane komai. Wanda na ɗaga wa ƙafa shi ne QWOP, na Bennett Foddy, wanda ya fito a 2008. Maɓallansa huɗu, biyu na cinyoyi, biyu na sharaɓa, tseren kuma mita 100 ne. Ɗan tseren yakan kife tun bai yi nisa ba, kuma dariyar da majalisa za ta yi ta biya kuɗin datar.

Na biyu: duk shafin da ya nemi imel ɗinka kafin ka taɓa ƙwallo, rufe shi. Haka ma mai talla da yawa, kuma a nan zan tsaya, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wasan da bai kai minti ɗaya ba, a ɗora masa tallan daƙiƙa talatin a gaba, wani a baya? Alamar rufewa ƙarama kamar ƙwayar gero, an maƙale ta can a lungu. Ka taɓa, ashe ta bogi ce, ta jefa ka wani shafin da ke shelar wai wayarka ta kamu da cuta. Ka dawo, an shafe makinka. Wani tallan kuma ya fashe da kiɗa kana tsakiyar ofis. Duk wannan da sauƙi a kan tallan caca. Ka miƙa wa yaro waya ya buga snuka, a nuna masa yadda zai zuba kuɗi a kan wasan Laliga. Wa ya ba su izini? Yaron nan wasa ya zo yi!

Kada kuma a ce mana dole ce ta sa. A 2017 Google ya fitar da wasan kurket inda gyare ke riƙe da sanda, dodannin koɗi na tsaron fili, aka kuma rage masa nauyi da gangan don ya buɗe ko sabis na jan ƙafa. Maɓalli ɗaya ne tal. Ashe ana iyawa.

Wasannin da muka taso da su a shagunan intanet kuwa, yawancinsu da Flash aka gina su, kuma Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba, 2020. Miniclip ma ya kwashe kusan duk wasannin shafinsa a 2022, ya bar 8 Ball Pool da Agar.io. Idan ka nemi wani tsohon wasa ka tarar da farin shafi, ba kwamfutarka ce ta lalace ba. Masu aikin Flashpoint sun adana dubbai daga cikinsu, Allah ya saka musu.

Na uku, ko na huɗu ne: kashe sauti.

Idan kuma ku biyu ne a kan kwamfuta ɗaya, yi maza ka zauna ɓangaren kibiyoyi, ka bar wa abokinka W, A, S da D.