Ɗaki Da Kayansa

Dillalin da ya tallata ɗaki a Kaduna, ya ce an ƙawata shi da gado da kujeru da firji, a zahiri bai yi ƙarya ba, domin kuwa gadon yana nan, illa dai ƙafarsa ta huɗu bulo ce, firjin kuma ya yi ritaya tun zamanin mulkin soja. Malaman fiƙihu, Allah Ya jiƙansu, sun hukunta cewa ijara sayen amfani ce, saboda haka wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin warware yarjejeniya, a mayar masa da kuɗinsa. Sai dai mai gida ya tafi Umra, dillali kuwa tun da ya karɓi la'ada wayarsa a kashe take.